Yaya Nuraddeen, Kowa Ya Sani Ban Da Ni

Na Allah ne mu, kuma gare shi za a mayar da mu ɗaya bayan ɗaya. A safiyar Alhamis, 21 ga Agusta, 2025, a ƙarshen watan Safar, Allah ya karɓi ran yayana, Malam Nuraddeen Isma'ila, malamin kwamfuta a makarantar sakandare, yana da shekara arba'in da huɗu. An yi masa salla bayan azahar a masallacin Sultan Bello, aka kai shi makwancinsa ana yayyafi. Ya bar mahaifiyarmu, da matarsa Aminatu, da 'ya'ya huɗu, da mu ƙannensa biyu, ni Zahra'u da autanmu Isa.

Sanarwar da ta zaga wayoyin jama'a ta ce ka rasu bayan gajeruwar rashin lafiya. Ni na rubuta ta da hannuna, Yaya, domin iyakar abin da na sani ke nan. Yau ina so in gyara ta, in kuma faɗa maka abin da ban samu damar faɗa maka ba kana raye.

Bari in fara da alherinka, don shi ya fi yawa. Kai ne ka riƙa goya ni a bayan keke daga gidanmu na Unguwar Sarki zuwa Islamiyya, ka tsaya a bakin ƙofa har sai ka ga na shige. Da na fara hadda, kai ne mai riƙe mini Alƙur'ani a tsakar gida, ba ka gajiya da maimaici, in na yi kuskure ba ka tsawa, sai dai ka yi gyaran murya ka jira in gano da kaina. Ranar da Baba ya rasu kana shekarar ƙarshe a jami'a, ka dawo ka tsaya a inda ya tsaya, ba mu taɓa jin ka yi mana gori ba. A makarantarku kuwa, ɗalibai da yawa a wurinka suka fara taɓa kwamfuta. Wasu sun zo gaisuwa, manya da gemunsu, suna kuka kamar yara.

Shekara uku da suka wuce, a haihuwar autata, jini ya ɓalle mini bayan an yi mini aiki. Ban san inda nake ba. Da na farfaɗo aka ce mini yayana ya zo, an gwada, jininmu iri ɗaya ne, ya kwanta an ɗiba. Na tambaye ka me ya sa ba ka bari an nemo a wani wuri ba. Ka ce: "Kin taɓa ganin an nemi izinin mutum kafin a ba shi abin da yake nasa?" Na riƙe wannan maganar, Yaya. Na ɗauka doka ce a tsakaninmu, ta hau kanka ta hau kaina.

Kai ne kuma ka buɗe mini ƙofar da nake cin abinci da ita. Da ka ga zaman gida da yara ya hana ni komawa koyarwa, ka kawo shawarar in riƙa karantar da Alƙur'ani ta intanet, ga 'ya'yan Hausawan da ke zaune Ingila da Kanada. Ka samo mini laftof 'yar Beljiyam, ka kawo rauta, wannan ƙaramin akwati mai watsa waifai a cikin gida, ka haɗa komai a ɗakina na Unguwar Shanu. Ni dai nawa in buɗe in fara karatu. Ban taɓa tambayar yadda abin yake aiki ba, tun da ina da kai.

Bayan Babbar Sallar bana laftof ɗin ta fara nauyi, tana daskarewa ana tsakiyar karatu. Na kira ka, wayarka a kashe. Anti Aminatu ta ce ka tafi kwas Zariya. Sai na kai ta wani shago a Kawo, mai gyaran ya ce sai an yi mata fomatin, a goge komai a zuba mata sabuwar Windo. Na yarda. Ta dawo da sauri kamar sabuwa, amma da na buɗe ta a gida, alamar waifai ta ɓace ɗungum daga ƙasan allon. Ga rauta fitilunta na ci, ga wayata na kan intanet lafiya lau, laftof kuwa ko sunan waifai ɗin gidan ba ta gani. Na koma shagon, aka ce mai gyaran ya yi tafiya. Na gwada karantarwa da waya, ta yi zafi ta mutu ana tsakiyar aya. A cikin ɗalibaina akwai wata yarinya, Asabe, da ta kusa sauka, iyayenta sun riga sun sa ranar walima. Mahaifiyarta ta yi mini magana cikin ladabi, cewa in matsalar za ta daɗe, za su nemi wata malamar ta ƙarasa mata. Yarinyar da na ɗauko tun daga baƙi da wasali.

Na turo maka saƙo mai zafi, har da cewa ka manta da ni. Washegari da la'asar sai ga sallamarka.

Ka rame, fuskarka kuma ta ɗan kumbura. Na tambaya, ka ce taifot ce ta kayar da kai a Zariya, an ƙara maka ruwa da yawa. Kana sanye da riga mai dogon hannu, maɓallin a ɗaure har wuyan hannu, ga zafi irin na kafin hadari. Ban kawo komai a raina ba. Ka zauna a ƙasa ka jingina da kujera, ka ɗora laftof a cinya, ka duba ta kaɗan ka yi murmushi.

Ka ce: "Malama, lafiyarta ƙalau. Direba ne babu."

Na ce wane irin direba kuma, mota ce?

Ka yi mini bayani yadda kake yi wa 'yan aji ɗaya. A cikin laftof akwai wani ɗan kati da ke kama waifai, akwai kuma 'yar manhajar da ke haɗa shi da Windo su fahimci juna, ita ake kira direba. Fomatin ya share ta, mai gyaran bai mayar ba. Abin dariyar shi ne, sai da intanet ake sauko da ita, intanet ɗin kuma shi ne babu. Sai ka sa na ɗauko igiyar cajin wayata, na haɗa wayar da laftof, na kunna wurin da waya ke ba kwamfuta datarta ta igiya. Nan take shafi ya buɗe. Na yi murna, na miƙo maka ka ƙarasa. Ka ƙi karɓa.

"Ke za ki yi. Ni zan faɗa, ke ki danna."

Na ji haushi, don ba haka ka saba ba. Da can minti kaɗan kake yi ka gama, ka sha zoɓo ka tafi. Ranar kuwa ko zoɓon da na kawo maka da ƙanƙara ba ka sha ba, ka ɗan jiƙa leɓe ka ajiye kofin. Na sauko da direban da ya dace da sunan laftof ɗin, muka sa, muka kashe ta muka kunna. Babu alamar waifai. Ka rufe ido na ɗan lokaci, na zaci tunani kake yi. Ka ce za ka dawo jibi.

Ka dawo da ƙaramin sukundireba a aljihu. Ka sa na kifa laftof ɗin, na kwance murfin bayanta da kaina, ina tsoron kada in ɓata. Ka nuna mini katin, bai kai girman yatsu biyu ba, da 'yan wayoyi biyu sirara a jikinsa. Ka ce in karanta sunan da ke kansa. Ashe ba shi ne na asali ba, wani ya taɓa canza shi tun kafin ta shigo ƙasar nan, shi ya sa direban farko bai yi ba. Muka nemo nasa. Ana gama sa shi, sai ga alamar ta bayyana a ƙasan allo, sunayen waifai na maƙwabta suka jeru, namu a sama. Na yi kabbara har yara suka rugo.

Murnar ba ta daɗe ba, don laftof ɗin ta nemi lambar sirrin waifai, ni kuma ban san ta ba. Kai ka sa ta tun farko, tsohuwar Windo ta riƙe, babu wanda ya sake buƙatarta. Kai ma ka ce ta shige maka. Ka sa na zare fil daga ɗankwalina, na tura shi a wani ɗan rami da ke bayan rauta, na danne har fitilun suka mutu suka dawo. Ka nuna mini yadda ake shiga cikin rautar a sa sabuwar lamba. Na ce ka zaɓa mini. Ka ce a'a, in zaɓi wadda ni zan tuna, in kuma faɗa wa Safiyya, babbar 'yata, kada ya zama mutum ɗaya ne ya sani. Da ka tashi tafiya sai da ka dafa kujera, ka dafa bango. Na ga takalminka silifa ne, kai da ba ka fita sai da sau-ciki. Na yi maka tsiya cewa tsufa ya zo da wuri. Ka yi dariya tare da ni.

Aka sake samun wata matsalar. Laftof ɗin tana haɗuwa da waifai, amma shafuka su ƙi buɗewa, in sun buɗe kuma sai haɗin ya yanke ana tsakiyar karatu. Na kira ka ina mita, ka sake zuwa. Ka sa na duba agogon laftof ɗin, ashe kwanan watan ya koma shekarun baya, ka ce shafuka da yawa ba sa yarda da kwamfutar da ba ta san ranar da take ba. Muka gyara. Ka kai ni wani lungu a cikin saitin inda Windo ke kashe katin waifai don tattalin batir, na cire alamar. Sannan ka dubi rautar da na ɓoye a bayan firji saboda yara, ka girgiza kai, ka ce a mayar da ita sama, a sarari. Ka sa na maimaita maka komai daga farko da baki, kamar mai ba da hadda, tun daga igiyar waya har zuwa fil. In na tsallake wani abu sai ka yi gyaran muryar nan taka ta da. Da na kai ƙarshe ka ce: "To, Malama, kin sauke."

Ka tsaya har na fara karatu da Asabe, kana zaune a gefe inda kyamara ba ta kama ka, kana bin karatun da leɓe. Ta sauke a hannuna, an yi walimarta ina kallo ta laftof ɗin nan, ko sau ɗaya bai yanke ba. Na turo maka hoto, ka amsa da addu'a. Bayan nan duk lokacin da na ce zan zo gidanku na Kinkinau in gaishe ku, sai a ce ka fita, ko kana barci, ko kun yi baƙi. Ranar Laraba aka ce mini an kwantar da kai asibiti, zazzaɓin ya dawo, kada in tayar da hankalina, in bari sai gobe. Goben na gama dama maka kunu ke nan maigidana, Abban Safiyya, ya shigo ya tsaya a bakin kicin da labarin rasuwarka.

Ranar sadakar uku muna zaune a ɗakin Inna, mata cike, Gwaggo Harira ta dafa ni tana ba ni haƙuri. Ta ce: "Ai hutu ne Allah ya ba shi, 'yar nan. Shekara da rabi ana wankin ƙodar nan, jiki duk ya gaji. Da ma ta Isa ta yi daidai, da wataƙila an yi dashen."

Na dubi Inna, ta sunkuyar da kai. Na dubi Anti Aminatu, ta ja mayafi ta rufe fuska. A nan na gane babu baƙo ga wannan labari a ɗakin sai ni.

Daga baya na bi su ɗaya-ɗaya, kowa ya ba ni guntun da ke hannunsa. Ƙodojinka biyu sun daina aiki tun bara. Babu wani kwas a Zariya. Dogon hannun riga na rufe wurin da ake soka maka allurar wanki ne. Ruwa auna maka ake yi, shi ya sa ba ka sha zoɓona ba. Ƙafa ce ta kumbura ta ƙi shiga takalmi. Likita ya ce a kawo 'yan'uwa na jini a gwada. An gwada Isa, bai dace ba. An gwada Sule ɗan Kawu, bai dace ba. Likitan ya tambaya ko akwai saura, ka ce babu. Ina Unguwar Shanu, tafiyar Keke Napep ɗaya daga inda kake kwance, da jini irin naka a jikina, har da naka ɗin ma a ciki, ka dubi likita ka ce babu saura.

Ka tara su ka ɗora musu amana kada wanda ya gaya mini. Hujjarka ita ce an yi mini aiki, ina da ƙananan yara, kuma ka san in na ji ba mai iya hana ni. Gaskiya ne, ba mai iya hana ni. To amma wa ya ba ka wannan hukuncin, Yaya? Wataƙila da an gwada ni ban dace ba. Wataƙila da likita ya duba ni ya ce jikina ba zai ɗauka ba. Da na yi kuka na haƙura, na zauna a gefen gadonka ina yi maka karatu, na dafa maka abin da aka yarda ka ci, na raka ka asibiti ko sau ɗaya. Na san kwana ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, ina karantar da wannan kullum. Ba rayuwarka nake cewa da na tsawaita ba. Shekara da rabi na jinyar ɗan'uwana aka ɗauke mini, aka bar ni ina yi maka mitar waifai.

Wanda ya fi yi mini ciwo na cikin gidana ne. Na tambayi Abban Safiyya ko ya sani. Ya ce shi ne ma yake kai ka wanki a motarsa in Isa na wurin aiki. Ranakun nan da ka zo gyaran laftof, daga kan injin wankin kuke. Shi yake sauke ka a bakin layinmu, ka tako a hankali kamar daga Keke Napep ka sauka, shi kuma ya zagaya ya ɓata lokaci a masallaci, ya shigo daga baya ku gaisa a gabana kamar kun kwana biyu ba ku haɗu ba. Ina tsaye ina zuba muku abinci.

Na ce masa: "Abban Safiyya, ka iya kallon idona duk tsawon nan?"

Ya ce: "Amana ya ba ni, Zahra'u. Na roƙe shi ya sake ni, ya ƙi. Ranar da kika turo masa saƙon nan ma na ce ya bari in kai wa wani ya gyara, ya ce a'a, yana so ya koya miki da kansa tun yana iyawa."

Har yau muna gaisawa, ina yi masa duk abin da ya wajaba a kaina, amma in ya ce mini ya tafi wuri kaza, sai na ji zuciyata ta tsaya tana tambaya. Ban taɓa sanin wannan a aurena ba. Inna kuwa da na je mata da maganar, ta riƙe hannuna ta ce ɗa ɗaya take gani yana tafiya, ba za ta iya sa hannu a kwantar da na biyu a yanka ba. Uwa ce, ni ma uwa ce. Amma na fito daga ɗakinta ina jin kamar baƙuwa a gidan da aka haife ni.

Mutane suna ta ce mini ƙauna ce ta sa. Na sani. Da ƙiyayya ce da ta fi sauƙin ɗauka, don da na san inda zan ajiye ta. Kun haɗu, ku mutanen da na fi yarda da su a duniya, kun yanke cewa ni ba mai iya ɗaukar gaskiya ba ce, kuka yi ta yi mini fara'a. Ban rubuta wannan don in tona asirin kowa ba, sai don na san akwai gidaje da yawa a garin nan da ake yin haka da sunan tausayi. Duk mai ɓoye wa ɗan'uwansa ciwo, ya sani ranar da abin zai fito, mara lafiyar ba ya nan balle a yi masa fushi a shirya. Masu rai ake bari da juna.

Yaya, na daɗe ina juya abin da zan ce a nan, don ba na son in faɗi abin da ba haka yake a zuciyata ba. Ciwon bai warke ba, ban kuma san ranar warkewarsa ba. Amma ba zan bari wani haƙƙi nawa ya bi ka kabari ba. Na yafe maka, duniya da lahira, Allah ne shaida. Sauran kuma ina roƙon su ba ni lokaci, kada su gaggauta ni.

Ya Allah, ga bawanka Nuraddeen ya zo maka, ka fi mu sanin abin da ya sha a ɓoye. Ka sa jinyarsa ta zama kaffara, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka tabbatar da harshensa wurin tambaya. Ka saka masa da alheri kan marayun da ya riƙe da ɗaliban da ya koyar, ka haɗa shi da Baba a Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, Allah ya sanyaya mata zuciya, ya ba ta ladan haƙuri. Ga Anti Aminatu, wadda ta yi jinya ba dare ba rana, bakinta a rufe, Allah ya saka mata, ya zama gatanta. Ga Isa, da Gwaggo Harira, da dangi na Kaduna da Katsina, da abokan aikinsa da ɗalibansa, Allah ya ba mu haƙurin rashi. Ga 'ya'yansa, Ahmad da Asma'u da Abba da Dije, Allah ya raya ku bisa tafarkin mahaifinku. Ƙofata a buɗe take gare ku kowane lokaci, kuma duk abin da kuka tambaye ni, mai daɗi ko mai ɗaci, gaskiya zan gaya muku.

Allah ya jiƙanka, Yaya. In tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.

Ƙanwarka,
Zahra'u Isma'ila
Unguwar Shanu, Kaduna